Maganin Ɓarin Kai Kuka Ba Ni, Ku Je Ku Faɗa wa Surukina

Zuwa ga Likita,
Mai asibitin kuɗin nan da ke bayan kasuwar Sabon Gari, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ina roƙon ka daure ka karanta wannan takarda har ƙarshe. Ban so na rubuta ta inda kowa zai gani ba. Na yi ta sintiri a asibitinka ina neman ganinka, kullum sai matar da ke kan tebur ta ce ka shiga tiyata, ko ka yi tafiya, ko in dawo da yamma. A zuwana na ƙarshe da idona na hango ka kana shiga mota, ita kuma tana rantse mini ba ka leƙo ba tun safe. Shi ya sa na biyo ta nan. Ban kama sunanka ko na asibitinka ba, don ba tozarta ka nake nema ba. Kai dai ka san da kai nake.

Sunana Sabi'u, tela ne ni a Fagge, ina zaune a Kwaciri. Maganar da zan yi ta kunya ce, irin wadda namiji ba ya faɗa wa ko amininsa sai ya waiga hagu da dama. Amma a asibitinka aka fara faɗar ta da ƙarfi a gaban mutane, kuma ba daidai aka faɗe ta ba, don haka ba ni da sauran abin ɓoyewa. Yau da nake wannan rubutu matata da jaririna suna gidan iyayenta a Rijiyar Lemo, an hana su dawowa, kuma magana ɗaya da ta fito daga bakin ma'aikacinka ce ta jawo haka.

Na farko: yadda na faɗo hannunku.

Tun ina saurayi nake fama da ciwon ɓarin kai. Wanda bai taɓa yi ba gani yake ciwon kai ne kawai, a sha fanadol a ci gaba da harka. Ni idan ya taso mini, ɓarin hagu ne yake sarawa har cikin ido, haske ya zama abokin gaba, ƙarar keken ɗinki ta koma kamar a cikin ƙwaƙwalwata ake taka shi, sai amai ya biyo baya. Na saba da shi, in rufe shago in kwanta a duhu har ya gaji ya sake ni.

A wannan karon ya zo mini a mummunan lokaci. Maiɗakina ta yi haihuwar fari, kuma kamar yadda ake yi, iyayenta sun ɗauke ta zuwa gida wankan jego, sai ta yi arba'in za a dawo mini da ita. Ni kaɗai ne a gida, ga ɗinkin Sallah ya taru, masu kaya suna tsaye a kaina. Abokina na sana'a, Oga Emeka, wanda nake sayen zare da maɓalli a wurinsa a Sabon Gari, shi ya same ni na kifa kai a kan keke. A Kano aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ya ce, "Malam Sabi'u, wannan kan naka ya wuce na kemis. Akwai asibiti nan kusa da mu, tashi in kai ka." Da kyakkyawar niyya ya kawo ni, kuma har gobe ba na ganin laifinsa.

Aka yi mini allura, aka ba ni ƙwayoyi a 'yar farar leda, an ja layi da biro a jiki alamar yadda zan sha. Ba kwali, ba takardar nan da ke zuwa a ciki, ba ma sunan maganin da mutum zai iya karantawa. Abin da kawai aka ce mini shi ne zai sa ni barci, kada in hau babur. Na yi godiya na tafi. Kuma in faɗi gaskiya, kan ya lafa, har na yi muku addu'a.

Na biyu: abin da ya same ni.

Ina cikin shan ƙwayoyin, wata safiya na tashi gabana ya miƙe ya ƙi kwanciya. Ina so ka fahimce ni da kyau, kai da duk namijin da zai karanta wannan ya fara murmushi. Babu sha'awa ko ta ƙwayar zarra a cikin abin. Azaba ce tsagwaronta, kamar an ɗaure wurin da zare ana ƙara ja. Na yi wanka da ruwan sanyi, na zagaya tsakar gida, na zauna, na tashi, na durƙusa, babu abin da ya sauya sai ƙaruwa. Wando ya gagare ni sawa. Masallaci da ke ƙofar gidana ya gagare ni zuwa. Ko kusa ban kawo wa raina maganin kai ba, don me ya haɗa kai da can? Ba wanda ya taɓa ce mini akwai hanya tsakaninsu.

Da rana ta ɗaga na ga abin ba na ƙarewa ba ne, na kira Oga Emeka a waya ina ta kewaye-kewaye. Ya katse ni ya ce, "Faɗi abin kai tsaye, ni ba surukinka ba ne." Da na faɗa, bai yi dariya ba. Ya rufe shagonsa ana tsakiyar ciniki, ya zo da adaidaita har ƙofar gida, na zura jallabiya na fito a sunkuye. Muka nufo wurinku, don ku kuka san abin da kuka ba ni.

Na uku: abin da aka yi mini a asibitinka, kuma nan ne zuciyar ƙorafina.

Wanda ya karɓe mu wani dogo ne mai farar riga da gilashi. Har yau ban sani ba ko likita ne ko nas ko mai ba da magani, don a asibitinka kowa farar riga yake sawa. A kan benci ya tsare ni da tambaya, mata da yara suna zaune a gefena. Na roƙe shi mu shiga ciki. Da muka shiga na yi masa bayani, sai ya kwashe da dariya ya ce, "Wanne ka sha, na shayi ko na kwalba?" Na ce ban sha komai ba sai maganinku, na ciro ledar daga aljihu na miƙa masa. Wallahi ko karɓa bai yi ba. Ya ce duk haka muke cewa. Aka kwantar da ni bayan labule, aka ɗaura mini ruwa, aka ce in jira likita, wato kai.

Ina nan kwance ina juyi labari ya kai Rijiyar Lemo cewa an kwantar da ni a asibiti. Surukina, mahaifin maiɗakina, dattijo ne da ya ba saba'in baya, mai kiyaye zumunci. Ya taso da kansa da ledar ayaba da lemo. Bai shigo inda nake ba, don ka san suruki ba ya faɗo wa mijin 'yarsa a kan gado. Daga bakin ƙofa ya yi sallama ya ce, "Sannu, Allah ya ba da lafiya." Sai ya juya ga mai farar rigar nan ya tambaye shi a hankali, "Ɗana, me ke damun yaron nan?"

Labule ne kawai tsakaninmu, na ji amsar da kunnena, kuma ba zan manta da ita ba har in mutu. Ya ce, "Alhaji, ba wani ciwo ba ne. Maganin maza ya sha ya wuce kima. Ku riƙa ja musu kunne."

Alhaji ya ce, "To. Allah ya kyauta." Na ji ya ajiye ledar a ƙasa, na ji takunsa yana fita. Na so in tashi in bi shi, amma a wane hali? In tsaya gaban surukina a yadda nake?

Likita, kai ɗan ƙasar nan ne, ba sai na yi maka dogon bayani ba. Ka san lissafin da dattijon nan ya yi kafin ya kai bakin titi. 'Yarsa tana ɗakin mahaifiyarta ana yi mata wankan jego, ko sati uku ba ta cika da haihuwa ba. Gidana babu mace. Mutumin da matarsa ba ta nan ya sha maganin maza har ya kwantar da shi, to don wa ya sha? Ma'aikacinka bai ce na yi lalata ba. Bai buƙaci ya faɗa ba, ya ba da rabin maganar ne, kowane uba zai ƙarasa sauran da kansa.

Na huɗu: abin da aka gano a wani wuri.

La'asar ta yi ba ka zo ba. Oga Emeka ya tayar da rigima, ya ce a cire mini ruwan, ya ɗauke ni zuwa babban asibitin gwamnati. Likitan da ya gan ni a can, tambayarsa ta farko ita ce tun yaushe, ta biyu kuma wane magani nake sha. Ya karɓi ledar nan da aka ƙi karɓa, ya juye ƙwayoyin a tafin hannunsa, ya kira mai haɗa magani suka duba tare. Ya tambaye ni ko ina da sikila, don masu ita sun fi gamuwa da wannan matsala, aka gwada aka ga ba ni da ita. Sannan ya yi mini bayani kamar ɗan Adam. Ya ce a cikin magungunan da ake bayarwa don ɓarin kai akwai waɗanda kan jawo wannan miƙewa, ba ga kowa ba, jefi-jefi ne, amma sananne ne ga masu aikin. Ya ce jini ne yake taruwa ya kasa komawa, kuma duk wanda ya kai awa huɗu a haka, ba jira ake yi ba, gaggawa ake yi, don wurin na iya lalacewa. Ni na wuni a haka, kuma babban rabon wunin a kan gadonku na yi shi.

Da allura aka zuƙe jinin. Ba zan kwatanta maka ba, kai ka fi ni sanin yadda ake yi. Ya hana ni sake shan ƙwayoyin, ya canza mini wasu. Da na tambaye shi ko zan koma yadda nake, ya ce lokaci ne zai nuna, in ci gaba da zuwa ana dubawa. Wannan fargaba tana nan tana cina, amma na bar ta tsakanina da Ubangijina. Ba ita ce ta sa na ɗauki biro ba.

Ka lura, ban ce ka ba ni guba ba. Likitan can ma bai ce maganin jabu ne ba, ya ce mutane da yawa suna sha su zauna lafiya. Na yarda ƙaddara ta faɗa a kaina. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ba ni magani ba gargaɗi, in dawo da illarsa a ƙi duba shi, sannan a ɗora mini laifin da ban aikata ba a gaban mutumin da ya fi kowa iko da aurena.

Na biyar: halin da nake ciki yanzu.

Arba'in ta zo ta wuce. Na yi wa ɗaki fenti, na ɗinka wa maijego atamfa, na ɗinka wa yaro 'yan riguna da hannuna, na sanar da 'yan'uwana mata su zo tarbar su. Suka zo suka dafa abinci suka zauna har magariba, ba wanda ya zo. Washegari yayan maiɗakina ya same ni a shago. Ko zama bai yi ba. Ya ce, "Baba ya ce a dakata tukuna." Na ja shi gefe na kwashe komai na faɗa masa, har da bayanin likitan babban asibiti. Ya saurare ni, na ga kamar ya ɗan sauko. Bayan kwana biyu ya dawo ya ce, "Baba ya ce shi ba labari aka ba shi ba. Da kunnensa ya ji daga bakin ma'aikacin asibitin da ya fara duba ka. Ya ce wanda ka je wurinsa daga baya, abin da ka faɗa masa shi zai maimaita."

Wani zai ce me ya hana ni zuwa in zauna da Alhaji in wanke kaina. Mai faɗar haka bai san gidan da na yi aure ba. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, sunansa ma ba na kamawa. In na je gaishe shi daga bakin zaure nake cire takalmi in durƙusa, gaisuwa in tashi. Da wane baki zan buɗe zancen gabana a wurinsa? Ko na cire kunya na fara, shi zai tashi ya bar mini wurin. Na tura kawuna, ya je suka yi ta zagaye-zagaye, wannan ya ce "abin nan da ya faru", wancan ya ce "abin da aka ce", suka sha ruwa suka rabu ba wanda ya ambaci komai. Maganar da ma'aikacinka ya faɗa yana dariya cikin numfashi ɗaya, mu dangi guda mun kasa furta ta ko don mu ƙaryata.

Maiɗakina kuwa ba ta zarge ni da bakinta ba, kuma da ta zarge ni da ya fi mini sauƙi. In na kira ta sai ta ce, "Ni ban ce ka yi ba. Amma Baba bai taɓa yi mini ƙarya ba." Ina jin kukan yaron a bayanta, sai ta ce bari ta ba shi nono, ta kashe. Gaskiyarta ce, mahaifinta bai yi ƙarya ba. Abin da aka faɗa masa ya faɗa.

Na kasa zama wuri ɗaya, Likita. In na hau keke ba na gama hannun riga sai in miƙe. Na yanka shaddar wani bawan Allah ba daidai ba, abin da rabona da yi tun ina koyo. Sai in tsinci kaina na rufe shago na kama hanyar Rijiyar Lemo a ƙafa, in tsaya a bakin layinsu wajen mai gyaran babur ina kallon ƙofar gidan, in juyo ban shiga ba. Ga unguwa ta ɗauka, don a cikin matan da ke kan bencinku ranar akwai wadda ta san ni. In mai tallan maganin maza ya wuce da lasifikarsa, sai 'yan majalisar layinmu su yi tsit suna satar kallona. Wani har ya taɓa raɗa mini wai in faɗa masa sunan wanda na sha, yana so amma kaɗan zai sha. Na rasa ko in yi dariya ko in kai masa mari. Raina a ɓace yake, kuma ina jin tsoro, tsoron in rasa iyalina a kan abin da ban yi ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙo.

Ba diyya nake nema ba, ban kuma je wurin lauya ba, ko da yake an ba ni shawarar haka. Ba na so a kori dogon nan daga aiki, wataƙila shi ma yana da masu ci a hannunsa. Amma ka zaunar da shi ka koya masa cewa farar rigar da ke jikinsa tana da nauyi, abin da ya faɗa a cikinta dattawa ɗauka suke kamar yankan wuƙa. Ka koya masa cewa ciwon majiyyaci amana ne, ba a faɗa wa mai dubiya ko da gaskiya ne, balle zato.

Ka sa duk wanda za a ba irin wannan magani a asibitinka a ja shi gefe a faɗa masa: in kaza ya faru, kada ka tsaya wanka da ruwan sanyi, kada ka tsaya jin kunya, ka garzayo. In mai ba da maganin mace ce tana jin nauyi, a samu namiji ya faɗa. Kuma a riƙa rubuta sunan magani a jikin leda yadda za a iya karantawa. Haka nake kira ga duk ɗan'uwa mai ɓarin kai da ya ga wannan takarda, kada ya bar maganinsa don tsoro, amma ya tambayi likitansa, ya kuma san cewa wannan abu ciwo ne kamar kowane ciwo.

Babban roƙona shi ne na ƙarshe. Ka ɗauki ma'aikacin nan a motarka, da farar rigarsa, ku je Rijiyar Lemo. Kawuna zai yi muku jagora, ni ba zan shiga ba. Ku yi sallama da Alhaji a zaurensa, wanda ya faɗi maganar ya dube shi ya ce, "Baba, abin da na faɗa maka ranar nan zato na yi, ban duba ba. Maganin ciwon kai da muka ba shi ne ya jawo." Kai kuma ka gaskata shi. Iyakar abin ke nan. Ba a waya ba, ba a rubuce ba, don dattijon nan baki ya ji, kuma bakin nan kaɗai zai yarda ya warware masa.

Ina gaggauta ka ne saboda jiya da hantsi an turo mata biyu daga gidansu, suka kwashe sauran kayan sawar maiɗakina da ke cikin durowa. Sun gaishe ni da mutunci, suka ce ba komai, kayan ne kawai take buƙata. Da za su fita babbar ta tsaya ta ce an sa ranar Juma'ar nan, bayan an sauko daga masallaci, waliyyanta da nawa za su zauna. Kai ma ka san abin da ake zaunawa a yanke a irin wannan zama.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa albarka a aikinka, ya sa hannunka ya zama sanadin warakar bayinsa. Allah ya rufa maka asiri duniya da lahira, ya tsare ka daga ranar da za a faɗi abin da ba ka yi ba a gaban wanda kake jin kunya. Daga Sabon Gari zuwa Rijiyar Lemo ba nisa, ko da cunkoso za ka je ka dawo ba a yi kewarka a asibiti ba. Ka zo kafin Juma'a, Likita. Bayan ta, ko ka zo da dukan likitocin Kano, gaisuwa kawai za ku yi ku koma.

Wassalam.

Naka cikin damuwa,
Sabi'u Tela,
Fagge, Kano.